Sanin Darasi Daban, Sanin Koyar da Shi Daban

A makarantun sakandare na Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura, kamar yadda yake a ko'ina cikin ƙasar nan, akan sami malamai iri biyu. Akwai wanda ya karanci aikin malanta tun daga tushe, akwai kuma wanda ya yi digiri a Kemistare ko Lissafi ko Ilimin Halittu, sa'an nan ya tsinci kansa a gaban allo. Mutane da dama suna ɗauka cewa na biyun ba ya bukatar ƙarin horo, tun da ya riga ya san darasinsa. Amma binciken masana ya nuna cewa koyarwa ilimi ce mai zaman kanta, wadda ake nazari a jami'a har zuwa digiri na uku. Wanda duk ya shiga aji ba tare da ita ba, ɗalibai ne ke biyan kuɗin kuskurensa.

Tushen Al'amarin

Horar da malamai ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A shekarar 1921 aka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu, dukkansu kuwa sun koyar kafin su shahara a wasu fannoni. Daga baya aka yi zamanin takardar malanta mai daraja ta uku da ta biyu. Bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960 aka kafa manyan kwalejojin horon malamai masu ba da Takardar Shaidar Malanta ta Ƙasa, wato NCE. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, har malamai suka yi ƙaranci, don haka aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da waɗanda ke bakin aiki. A 1993 kuma aka yi dokar da ta kafa Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Nijeriya, wato TRCN, wadda ta mai da malanta sana'a mai rajista kamar aikin likita ko na lauya.

Abin da Digiri Kaɗai Ba Ya Koyarwa

A ɗauki misalin darasin yadda tsiro ke samun abinci. Yaron da ya tashi a Dutsi ya san gona fiye da yadda ya san littafi. Ya sha ganin cewa geron da aka zuba wa taki ya fi wanda ba a zuba wa ba, saboda haka ya tabbata a ransa cewa ƙasa ce abincin tsiro. Idan malami ya rubuta a allo cewa ganye ne ke haɗa abinci daga iska da ruwa da hasken rana, yaron zai haddace, zai ma iya cin jarrabawa, amma tsohon tunaninsa yana nan daram.

Malamin da ya sami horo yakan fara da tono abin da ke cikin kan ɗalibi. Yana iya kawo labarin gwajin Van Helmont, wani masani na ƙasar Beljiyam a ƙarni na 17. Ya dasa itace mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a cikin tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, ya yi ta ba shi ruwa har shekara 5. Da ya sake aunawa, itacen ya kai kimanin kilo 76, ƙasar kuwa abin da ya ragu daga cikinta bai kai giram 60 ba. Tambayar da za a bar wa aji ita ce: daga ina nauyin ya fito? Shi kansa Van Helmont ruwa ya ɗora wa alhakin, sai daga baya aka gano rawar da iskar kabon ke takawa. Ɗalibin da ya yi kokawa da wannan tambaya ba zai manta amsarta ba.

Wannan irin sani, wato sanin inda ɗalibai ke tuntuɓe a kowane darasi da misalin da zai fid da su, shi ne wani masani Ba'amurke, Lee Shulman, ya fito da muhimmancinsa a 1986. Wata masaniya kuma, Mary Budd Rowe, ta saurari darussan kimiyya masu yawa da aka naɗa, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa 1 kawai bayan sun yi tambaya. Idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, kuma yaran da suka saba yin shiru sukan buɗe baki. Ashe har shirun malami abin aunawa ne.

Matakan Karatun

Matakin farko ga mai digiri a wani fanni shi ne babbar difloma a fannin ilimi, wadda aka fi sani da PGDE. Akasari shekara 1 ake yi. Ana karantar yadda yara ke koyo, da dabarun koyarwa, da tsara manhaja, da auna fahimta, da tarihin ilimi. Ana kuma yin ƙaramar koyarwa, wata dabara da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, inda ɗalibi zai koyar da abokan karatunsa na 'yan mintoci, su nuna masa inda ya gaza, ya gyara ya sake. Daga nan sai gwajin koyarwa na makonni a makaranta ta gaske, malaman jami'a suna zuwa duba shi.

Mataki na biyu shi ne digiri na biyu a fannin ilimi. A nan mutum yakan ƙware a reshe guda, kamar nazarin manhaja, ko koyar da kimiyya, ko gudanar da makarantu, ko ba da shawara ga ɗalibai, kuma dole ya rubuta kundin bincike. Na uku shi ne digirin digirgir, wanda ke ɗaukar aƙalla shekara 3, kuma ana sa ran mai shi ya ƙara wa fannin wani abu sabo.

Ga mutumin Dutsi, hanyar ba ta da nisa kamar da. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, wadda aka kafa a 2006, tana da tsangayar ilimi, haka ma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna ba da waɗannan digirori. Cibiyar Malamai ta Ƙasa kuma tana gudanar da diflomar ta hanyar karatu daga nesa, domin malamin da ba zai iya barin ajinsa ba.

Manhaja da Rajista

Manhaja ta wuce jerin darussa. Tun 1949 Ralph Tyler ya taƙaita ta cikin tambayoyi 4: me ake son yaro ya iya, wane aiki zai kai shi can, yaya za a jera ayyukan, kuma ta yaya za a san an cim ma buri. A Nijeriya hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara manhajar firamare da sakandare. Sai dai takarda ɗaya ce ake aika wa Legas da Dutsi. Malami ne zai fassara ta da gero da rijiya da iskar hunturu, har yaro ya ga kimiyya a ƙofar gidansu.

Hukumar TRCN ta kasa malamai kashi 4: masu digiri na uku, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, da masu NCE. A kowane kashi sai mutum yana da shaidar karatun malanta, shi ya sa mai digirin Kemistare zalla yake bukatar difloma kafin a yi masa rajista. Daga 2017 aka fara yi wa masu neman rajista jarrabawar cancanta ta kwamfuta.

Kammalawa

Takarda ba ta koyarwa, mutum ne ke koyarwa, kuma akwai tsofaffin malamai da gogewa ta sanar da su abubuwa da yawa daga cikin waɗannan. Amfanin horo shi ne rage shekarun lalube, domin yaron da ke aji ɗaya na babbar sakandare ba zai dawo ya maimaita shekarar ba idan malaminsa ya gane hanya daga baya. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka ɗalibin da ke sha'awar malanta ya ɗauke ta a matsayin fanni mai zurfi da za a karanta, malamin da ke da digiri ba tare da horo ba kuma ya nemi ƙofar da ta fi kusa da shi.