Ko Kun Sani? Wuskin da Iska Ke Sha

Ko kun san cewa wuski fari tas yake fitowa daga tukunyar tacewa, kamar ruwan sha? Launin zumar nan da ake gani a kwalba, gangar itacen oak ce ke ba shi mafi yawansa. A dokar Birtaniya, ba a kiran barasa Scotch sai ta yi aƙalla shekara 3 cikin irin wannan ganga a Sikotland.

Zaman gangar kuwa yana da tsada. Itace na numfashi, don haka a Sikotland duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska. Masu sana'ar suna kiran wannan asara "rabon mala'iku".

Abin ban sha'awa shi ne yadda zafi ke sauya lissafin. A Bangalore ta Indiya, inda kamfanin wuski na Amrut yake, asarar takan kai kashi 10 ko fiye a shekara, amma wuskin na nuna da wuri. Shi ya sa masu kwatanta ɗanɗano kan ajiye ɗan shekara 5 na Indiya kusa da ɗan shekara 12 na Sikotland.