Ɗaure Mashaya Asara Ce Ga Kasuwar Citta

Duk ɗan kasuwar da ke sayen citta a Kafanchan, Kachia ko Kwoi ya san ƙarfin samari ne jarin sana'ar, tun daga haƙa har lodin buhuna. Wasunsu kan haɗiyi tramadol domin jure wahalar yini, har ta zame musu jaraba. Idan aka ɗaure irin wannan saurayi, gona ta rasa ma'aikaci, gwamnati kuwa ta ƙaru da bakin ciyarwa.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan ƙwaya a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. Babu gidajen yarin da za su ɗauki ko ushirinsu. Ƙasar Fotugal, tun 2001, ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin shansa, tana tura shi wajen magani, dillalai kuma suna shan hukuncinsu.

A nan ma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta halatta hukunci ba tare da ɗauri ba. Sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana can Barnawa, Kaduna, tafiyar sa'o'i ga ɗan ƙwadago. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan citta su matsa a ƙarfafa irin wannan jinya a babban asibitin Kafanchan.