Hanya guda mai kyau tana tsare daji

Tun shekarar 1965 aka fara dasa itatuwa kewaye da birnin Yamai, mafi yawansu dogon yaro, domin su tare iska da ƙura. Dashen ya kai wajen hekta 2500. A yau gine-gine da juji sun ci babban rabo daga cikinsa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: sawun ƙafa. In kowa ya yanki tasa hanya, ƙasa takan daddale, tsiro ya mutu, ruwan sama ya bi sawun har ya zama kwari.

Maganin shi ne hanya guda wadda kowa ya sani. A shata ta inda jama'a suka saba bi. Wurin gangare, ta riƙa karkacewa, kada ta miƙe. A zuba marmara, a ɗaga tsakiyarta, a haƙa magudana gefe. A jera duwatsu su rage ƙarfin ruwa.

Kafin damina, a yi gayya a yashe magudanun, a cike ramuka. Manomi, wannan dabara tana aiki har cikin gandun dashen garinku.