Kafin Ka Tura Kuɗin Fili Saboda Bidiyon Da Ka Gani A Waya

Da zarar masara da waken soya sun shiga buhu a ƙasar Gozaki, sai kasuwar filaye ta buɗe. Manomin da ya samu rara a kaka yakan so ya adana ta a fuloti a Funtua ko Malumfashi, tunda naira ba ta kwana da darajarta. Ga kuma bayin Allah da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Dandume, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 siminti da kwano suka yi tashin gwauron zabo, shi ya sa da yawa suka haƙura da gini, suka koma sayen fili ko kango su ajiye. Masu nema sun yi yawa, farashi ya hau.

Dillalai ma sun sauya salo. Wanda a da sai ka same shi a bakin tasha ko gindin bishiya, yanzu yana Facebook da WhatsApp da TikTok, yana zagaya fili da waya yana cewa hamsin-hamsin ne, kusa da titi, ba rigima. Wannan ba laifi ba ne, kuma akwai masu amana a cikinsu. Ɗan ci-rani a Legas ko Abuja yakan ga abin da ke kasuwa a gida ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Sai dai bidiyo abin da mai wayar ya ga dama kawai yake nunawa. Filin da aka ɗauka da rani, fes, ƙasa a bushe, wataƙila hanyar ruwa ce da ke cika maƙil a watan Agusta. Kowa na iya tsayawa a gonar wani ya ɗauki hoto. Ba banza ba ake rubuta wa katanga da fenti cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne.

Babbar masifar a yankinmu ita ce gonar gado. Sau da yawa ɗa guda ne zai yanka ta awon igiya ya sayar, alhali ba a raba ba, 'yan'uwansa mata da ke gidan aure ba su ma ji labari ba. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da ka saya. Kai kuma ka riga ka zuba tubali.

Ga doka kuma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Filin birni mai takardar shaidar mallaka ba ya canja hannu sai da amincewarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ta cewa, ga Gozaki, ƙaramar hukumar Kafur ke nan. Hoton takarda a waya ba ya tabbatar da komai sai an duba rajista a ofishin filaye.

Saboda haka kada ka tura kafin alƙalami, ko da an ce maka wani Alhaji na hanya da kuɗi a hannu. Wannan gaggawar ita ce jarin macuci. Je ka taka filin da ƙafarka, ko ka tura ɗan'uwan da ka yarda da shi. Tambayi maƙwabtan iyaka, ka ga mai unguwa da dagaci, ka zauna da mai filin ido da ido, in na gado ne magada duka su sa hannu. A yanke la'ada tun kafin ciniki ya faɗa, a rubuta komai gaban shaidu, kuɗi kuma su shiga asusun mai filin, da sunan da ke kan takarda. Dillalin da ya ƙi kai ka wurin mai fili, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka kama gabanka.