Taurarin Ɗan'adam Sun Shiga Aikin Jagorancin Makafi

Tun kaka da kakanni, makaho a ƙasar Hausa ya dogara ne a kan abu biyu in zai yi tafiya, watau sandarsa da ɗan jagora. Sau da yawa ɗan jagoran nan yaro ne wanda ya kamata a ce yana aji, amma yana tafe riƙe da sanda daga safe har magariba. A yau an sami abu na uku, wanda ake kira GPS, tsarin da ke gaya wa mutum inda yake tsaye ta hanyar taurarin ɗan'adam.

Ma'aikatar Tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro tsarin. Ta harba tauraro na farko a 1978, aka kammala shi a 1995 da taurari 24 masu zagaya duniya a nisan kilomita kamar 20,000. Wayar hannu tana karɓar saƙo daga huɗu a cikinsu, ko fiye, sa'an nan ta lissafa wurin da mai ita yake. Da fari sojoji sun riƙa dagula saƙon da farar hula ke samu da gangan, har sai da Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina a watan Mayu na 2000. Daga nan ne ƙofa ta buɗe wa makafi. Wani makaho Ba'amurke, Mike May, wanda ya rasa ganinsa tun yana ɗan shekara uku, shi ne ya kafa kamfanin Sendero, ɗaya daga cikin na farko da suka sayar da irin wannan na'ura mai magana.

Yanzu ba lalle sai an sayi na'ura ta musamman ba. Mai son farawa, abin da zai soma koya shi ne sarrafa wayar da kunne, domin iPhone tana da VoiceOver, wayoyin Android kuma suna da TalkBack, masu karanta duk abin da yatsa ya taɓa. Wanda bai ƙware a nan ba, ya fita titi, wahala kawai zai sha. Bayan haka sai zaɓen manhaja. Akwai BlindSquare da aka yi a Finlan a 2012, wadda sai a iPhone take aiki kuma saye ake yi, akwai Lazarillo ta ƙasar Chile. Waɗannan suna faɗin sunan titi da mahaɗar da ke gaba da kantunan da ke kewaye, wani lokaci da lissafin fuskar agogo: ƙarfe goma sha biyu gaba ke nan, ƙarfe uku dama. Kamfanin Microsoft ya fito da tasa, Soundscape, a 2018, amma ya janye ta a 2023, abin da ya nuna hatsarin dogara ga manhaja guda.

Hanya mafi aminci ita ce a fara da inda aka riga aka sani, kamar daga gida zuwa masallaci ko tashar mota, tare da mai gani a gefe, don a gane yadda maganar waya ke dacewa da abin da ƙafa ta saba. A nan ne ake sa wa wurare alama, a ba su suna da kai: ƙofar gida, bakin kwalbati, inda ake hawa mota. Wannan ya fi muhimmanci a garuruwanmu, inda lunguna da yawa na cikin birni ba su da suna a taswira.

Amma fa akwai iyaka, kuma a nan ne mai gaggawa kan ji ciwo. Ko a fili, inda babu abin da ya tare sama, lissafin waya kan kauce da mita biyar ko kusa da haka, tsakanin dogayen gine-gine kuwa ya fi haka, a cikin ɗaki ma ya kan ɓace. Mita biyar ta isa ta raba ƙofar asibiti da kwatar da ke gabanta. Tauraro bai san an haƙa rami jiya ba, bai san mai tireda ya kafa teburinsa a kan hanya ba, balle babur da ya taho ta hannun da ba nasa ba. Saboda haka sanda tana nan a matsayinta, waya ta faɗi unguwa da titi, sanda ta faɗi abin da ke gaban ƙafa. Haka kuma bai kamata a toshe kunnuwa biyu da abin sauraro ba, tun da da kunne makaho ke auna motoci. A bar ɗaya a buɗe, ko a nemi irin wanda ke ɗora sauti a ƙashin gefen fuska.

Sauran matsala ta aljihu ce da ta harshe. GPS na cin batir ƙwarai, taswira na cin kuɗin intanet, ga shi yawancin manhajojin da Turanci suke magana. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, wadda ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Rufe kwatoci da sanya wa tituna suna aiki ne na hukumomin tsara birane da ƙananan hukumomi, kuma sai an yi shi sa'an nan muryar wayar za ta sami abin faɗa a lungu.