Kada Ku Rufe Wa Inji Ido

Kaka ta wuce, noman rani ya kankama a bakin madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai. Yanzu ne inji yake shan wahala. Injin ban ruwa yana aiki tun asuba, motoci kuma suna jigilar tumatir da albasa zuwa Bichi da kasuwar 'Yankaba a Kano. Yanzu ne kuma ake yawan jin direba yana ce wa makanike, "Maigida, motar nan ba ta ja, a ɗan taɓa mini ita." A kan wannan taɓawa za mu yi magana.

Mene ne sensa?

Motocin dā da kafireto suke aiki, makanike yana daidaita shi da kunne. Yawancin motocin yanzu kuwa suna da 'yar kwamfuta wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce take auna fetur ɗin da inji zai sha. Amma ba ta gani, ba ta ji, sai abin da 'yan aikenta suka gaya mata. Waɗannan 'yan aike su ne sensa. Wata tana auna iskar da ke shiga inji, wata tana auna zafin ruwan lagireto, wata kuma tana jikin salansa tana sansanar hayaƙi. Fetur yana ƙonewa sarai idan kilo 1 ya gamu da iska kimanin kilo 14.7. Aikin ƙwaƙwalwa ke nan, ta riƙe wannan ma'auni.

Yadda ake ruɗin ƙwaƙwalwa

Na fari, wasu sukan ƙulla wani ɗan abu a wayar sensar iska, domin ƙwaƙwalwa ta zaci iska ta yi sanyi, ta ƙara mai. Sau da yawa sensar salansa takan gane, ta sa a rage man, kuɗin mai mota ya tafi a banza. In kuwa an zare ita ma, mai yakan yi yawa. Abin da bai ƙone ba ya baƙanta filogi, ya wanke baƙin mai daga jikin fistin, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa.

Na biyu, akan cire tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a ce wai ta ƙasar sanyi ce. Ba haka ba ne. An ƙera inji ya yi aiki da zafi wajen digiri 90. In ya kasa kai wa nan, musamman da sanyin hunturu, ƙwaƙwalwa takan yi ta ƙara mai kamar yanzu aka tayar da motar.

Na uku, akan fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ƙara takan ƙaru, direba ya ɗauka ƙarfi ne. Amma hayaƙi mai guba ne yake fita, yaran mota da masu talla a bakin hanya suna shaƙa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da ta tafi a banza daga bakin iyali aka cire ta. Garin neman gira kada a rasa ido.

Manya ma sun gwada irin wannan wayo. A 2015 aka kama kamfanin Volkswagen na Jamus ya shirya ƙwaƙwalwar motocinsa na dizal wajen miliyan 11, ta yadda za su rage hayaƙi lokacin gwaji kaɗai. Tarar da ya biya ta kai dala biliyoyi.

Injin ban ruwa fa?

Shi ba shi da kwamfuta, amma yana da masu tsaro biyu. Na ɗaya gwamna, wanda ke hana ƙaramin injin fetur wuce juyi wajen 3,600 a minti. Manomi yakan ɗaure shi da waya don ruwa ya fito da yawa. Ruwa zai ƙaru kam, amma inji zai yi zafi, ya sha mai, wata rana kwanrod ya karye. Na biyu sensar baƙin mai, wadda ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa. Akwai masu tsinke wayarta don inji yana yawan mutuwa. Ai ba mutuwa yake yi ba, kuka yake yi. Ku zuba masa mai, ku kuma ajiye shi a wuri mai lebur. Inji in ya buga ana tsakiyar ban ruwa, kwana kaɗan ya isa tumatir ya zubar da fure.

Abin da ya kamata a yi

1. A riƙa kaɗe matatar iska, a canja ta in ta toshe. Ƙurar hunturu tana cikin manyan abubuwan da ke rage wa inji ƙarfi.
2. A duba baƙin mai kowace safiya, a juye shi a kan lokaci.
3. A duba filogi da iskar taya.
4. Kada a yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta.
5. In fitilar gargaɗi ta kama, kada a cire ƙwanta. A kai motar wurin makanike mai na'urar bincike. Sensar da ta lalace a sake ta da mai kyau.

Ƙungiyoyin manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi inji ko mota, su sa doka: kada kowa ya taɓa gwamna ko ya tsinke waya sai da sanin ƙungiya.

'Yan'uwa, abin da ke hannunmu amana ce daga Allah, ko gona ce, ko dabba, ko inji. Ba wanda zai ɗaure wa jakinsa ido don ya yi sauri. Mu bar wa inji idonsa da kunnensa, ya daɗe yana yi mana hidima. Allah ya ba mu rani mai albarka.