Don mi malamin likita ke tsallake layi?

Ranar kasuwa, tun da hantsi, ƙofar likita cike take da mutane. Wasu sun zo da ƙafa, wasu bisa jaki, wasu cikin amalanke. Kowa ya samu inuwa ya zamna yana jiran a kira shi. Ga dattijo nan da ciwon baya, tun bayan sallar asuba ya iso. Rana ta take, sai ga wata mata da yaro a goye. Malamin likita ya fito, ya dubi yaron sau ɗaya, ya ce mata ta biyo shi ciki. Nan take gunaguni ya tashi. Wani ya ce ƴar'uwarsa ce. Wani ya ce ta ba shi na goro.

Ba a cewa son kai ya ƙare a duniya. Amma sau da yawa abin da mutane suka gani ba son kai ba ne, aikin da aka koya ma malamin ne a lakkol. Layin likita ba kamar layin awon gyaɗa ba ne, inda wanda ya riga zuwa shi ke riga shiga. A likita, wanda mutuwa ta fi kusa da shi ake fara dubawa.

Makiyayi ya san wannan. In ya iske saniya ɗaya tana ɗingishi, ɗaya kuma cikinta ya kumbura tana haki, wajen mai kumburin ciki zai ruga. Mai ɗingishi tana iya kai gobe.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Da Faransanci ana ce ma wannan aiki tiriyaji, ma'ana tsincewa da rarrabewa. Wani lokotoron soja na ƙasar Faransa mai suna Dominique Larrey, wanda ya rasu a 1842, shi ya yi suna da shi. A yaƙe-yaƙen Napoleyon ya ce a fara da sojan da ya fi jin rauni, ko babba ne ko ƙarami, ba a duba galonsa. Daga fagen yaƙi dabarar ta shiga asibitoci.

A shekarar 2005 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da littafin koya ma ma'aikata yadda za su rarraba yara marasa lafiya tun a bakin ƙofa. An yi amfani da abin da aka koya a babban asibitin Blantyre, ƙasar Malawi, inda mutuwar yara ta ragu bayan an gyara tsarin karɓarsu. Dalili shi ne, da yawa daga yaran da ke mutuwa a asibiti suna mutuwa ne a ranar farko da aka kawo su. Wasu ma suna cikin layi.

ABIN DA IDON MALAMI KE NEMA

Malamin da ya ƙware ba ya buƙatar minti ɗaya cikakke kafin ya gane yaron da ke cikin haɗari. Abu na farko da yake dubawa numfashi ne. Yaron yana numfashi? Wani abu ya maƙale masa a maƙogwaro? Haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska? Leɓensa da harshensa sun yi duhu? In lokaci ya samu, sai ya ƙirga numfashin. Jinjirin da bai kai wata 2 ba, in ya ja numfashi sau 60 cikin minti ɗaya, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40.

Sannan ya kama hannun yaron. Uwa takan ɗauka gaisuwa ce ko wasa. Ba haka ba ne. Yana jin ko hannun ya yi sanyi. In ya yi sanyi, sai ya danna farcen yaron har ya yi fari, ya saki, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. In jini bai komo ba har aka wuce uku, kuma jijiyar hannu na bugawa da sauri ba ƙarfi, jinin yaron ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Yana duba ko yaron a farke yake. Ya kira shi, ya girgiza hannunsa. Yaron da ba ya amsawa, ko wanda ke jijjiga a lokacin, ba ya jira. In kuma zawo ne ya kawo shi, malamin zai tsunkuli fatar cikinsa ya saki. Fatar mai lafiya takan koma nan da nan. In ta tsaya kamar fatar tsohuwar salka, idanu sun faɗa, yaron ya yi laushi, ruwan jikinsa ya ƙare, sai a ɗaura masa ruwa a jijiya.

Waɗannan su ne kashi na farko. A wasu asibitoci ana ba su alamar ja.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba za su mutu cikin minti biyar ba, amma bai kamata su daɗe ba. A cikinsu akwai duk jinjirin da bai kai wata 2 ba, da yaro mai masassara mai zafi ƙwarai, da wanda tafin hannunsa ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, da wanda wuta ta ƙona, da wanda ya sha kananzir ko maganin ƙwari. Akwai mai tamowa da ya rame ƙwarai, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura. Haka wanda aka aiko da takarda daga ƙaramar likita. Su ake sa wa a gaban layi, alamarsu ruwan ɗorawa. Sauran, masu tari kaɗan, ƙaiƙayi ko tsohon miki, alamarsu tsanwa. Za a duba su, amma bi da bi.

Ga manya ma haka ne. Macen da jini ya ɓalle ma bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2 in ba a tsaida shi ba. Mai ciki da ke jijjiga, wanda kububuwa ta sara, wanda sa ya soka, wanda wuyansa ya sanƙare da masassara lokacin bazara, duk suna gaban mai ciwon baya, ko da mai ciwon bayan mai gari ne.

MAI SHIRU YA FI BA DA TSORO

Mutane sun saba ganin mai kuka da ƙarfi shi ne mai ciwo. Malamin likita ba haka yake gani ba. Yaron da ke tsala kuka yana da iska a ƙirjinsa, yana da ƙarfi. Wanda ya yi lamo a bayan uwarsa, ya bar kama nono, ba ya ko korar ƙuda, shi ke tada hankalin malami.

Nan kunya ke yin ɓarna. Yarinya mai ɗan fari takan zamna can ƙarshen layi, ta lulluɓe ɗanta, ba ta son a ga ta damu da shi gaban manya. Makiyayi kuma yakan danne ciwo, ya ce da sauƙi, alhali jini ya jiƙa masa riga. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar sauro ta fi yawa, malami ɗaya na iya samun layin da ya fi ƙarfinsa. Ba kullum zai samu fitowa ya zagaya ba, kuma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin zane.

Saboda haka duk wanda ya kawo mai jijjiga, mai suma, mai wahalar numfashi ko mai zubar jini, kada ya zamna. Ya faɗa ma mai gadi ko ma'aikacin da ya fara gani. A faɗi tun yaushe ciwon ya soma, da abin da aka ba shi a gida, ko sassaƙe ne ko ƙwayar ɗan tebur. In maganin ƙwari ya sha, a zo da kwalbar.

Kuma rabon farko ba shi ne na ƙarshe ba. Yaron da aka ce ya jira da safe yana iya canzawa kafin azahar. In uwa ta ga jikinsa ya saki ko idonsa ya juya, ta tashi ta koma wajen malami, ko da sau biyu ta riga ta yi masa magana.